Dokar da ta iya ƙirga shekara bakwai, ta kasa neman Dadiyata

Cikin daren da ya wayi garin Juma'a, 2 ga Agusta 2019, Abubakar Idris, wanda duniya ta fi sani da Dadiyata, ya dawo gidansa da ke unguwar Barnawa a Kaduna. Bai kai ga shiga ɗaki ba wasu mutane ɗauke da makamai suka rutsa shi, suka tafi da shi a cikin motarsa ƙirar BMW. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗan Kwankwasiyya ne da bai taɓa ɓoye aƙidarsa ba, kuma mutum ne mai kaifin alƙalami a Twitter, inda yake caccakar masu mulki ba tare da sakaya suna ba. Tun daga wannan dare ba a sake jin muryarsa ba, motar ma ba a ce an tsince ta a wani wuri ba.

A ƙasar da satar mutane ta zama sana'a, iyalin wanda aka ɗauke kan zauna kusa da waya suna jiran a kira a faɗi farashi. Iyalin Dadiyata sun yi wannan jira, kiran bai zo ba. Hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta ce ba ya hannunta. 'Yan sanda suka ce ba su suka kama shi ba. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ce ba ta da hannu. Iyalin suka garzaya kotu, ƙungiyar Amnesty International ta riƙa tuna ranar kowace shekara, matasa suka yi ta tambayar ina Dadiyata a shafukan sada zumunta. Mahaifiyarsa ta rasu a 2022 ba ta san ko ɗanta yana numfashi ko yana ƙarƙashin ƙasa ba. Har yau babu wata kotu da ta tabbatar da wanda ya ɗauke shi, kuma duk wanda ya nuna yatsa ga wani mutum da suna, to hujjar da zai kai gaban alƙali ake jira daga gare shi. Amma akwai wani laifi a wannan al'amari da ba ya bukatar a jira shaida, domin a rubuce yake cikin kundin dokokin Nijeriya, kuma masu shi sanannu ne.

Ranar 2 ga Agusta 2026 ita ce ranar cikar shekara bakwai da ɓatansa. Wannan adadi yana da ma'ana a shari'a. Sashe na 164 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba daga waɗanda da yana raye da sun ji, kotu na iya ɗauka cewa ya mutu. A duk abin da dokokin ƙasar suka tanada game da ɓataccen mutum, wannan ne wurin da maganarsu ta fi fitowa fili: ga wa'adi, ga hukunci, ga takardar da za a bayar. Idan aka juya aka tambayi wane jami'i ne, da sunansa da muƙaminsa, doka ta ɗora wa alhakin neman mutumin cikin waɗannan shekaru bakwai, me zai yi a kwana na farko, wa zai kai wa rahoto, kuma me zai same shi idan ya naɗe hannu, sai kundin ya yi shiru. Ƙasa ta tanadi agogon ƙirga mutuwar ɗanta, ba ta tanadi ƙafar da za ta bi sawunsa ba.

Abin kunyar shi ne malaman fiƙihu sun riga sun warware wannan tsari fiye da shekara dubu da suka wuce, a littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban mazhabar Malikiyya suka sani ciki da bai, ta yi bayanin hukuncin mafƙudi, wato mijin da ya ɓata. Matarsa za ta kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata wa'adin shekara huɗu, bayan haka ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure idan tana so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado har sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Abin lura a nan shi ne inda ƙirgen ke farawa: sai an kai ƙara, kuma sai bincike ya kai ƙarshe ba a same shi ba. Dole alƙali ya aika a nema tukuna. Masu wancan zamani ba su da wayar salula, ba su da kyamarar tsaro, ba su da na'urar bin sawun layi, sai raƙumi da wasiƙa da tambayar fatake, amma sun fahimci cewa ba a fara lissafin mutuwar mutum kafin a sauke nauyin nemansa. Dokar zamani ta riƙe lissafin, ta yar da neman.

Domin a gane yadda wannan giɓi ke aiki, sai a dubi abin da ke faruwa idan iyali suka je kotu. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Kotu tana da ikon umartar duk wanda ke tsare da mutum ya kawo shi gabanta. Kariya ce mai kyau, amma gaba ɗayanta ta rataya ne a kan zare guda: wani ya amsa cewa mutumin yana hannunsa. Da zarar kowace hukuma ta aiko lauyanta da takardar rantsuwa cewa ba ta san shi ba, nauyin hujja ya koma kan matar da aka bari da yara ƙanana. Ita ce za ta tabbatar da inda aka kai mijinta, alhali ba ta da ikon shiga ɗakin tsare mutane, ba ta da ikon karɓar bayanan kiran waya daga kamfanin sadarwa, ba ta da ikon tilasta wa kowa ya yi magana. Hukumomin da ke da wannan iko su ne ake ƙara. Kalmar “ba ya hannunmu”, wadda ya kamata ta zama mafarin bincike, sai ta zama murfinsa.

Ba a Nijeriya aka fara ganin wannan dabara ba, shi ya sa duniya ta yi mata suna ta kuma yi mata magani. A ranar 20 ga Disamba 2006 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da yarjejeniyar kare dukkan mutane daga ɓatarwa da ƙarfin tsiya, ta fara aiki a Disamba 2010. Asalinta gwagwarmayar iyalai ce, musamman iyaye mata na Ajantina da suka yi ta zagaye dandalin Plaza de Mayo tun 1977 suna tambayar sojoji ina 'ya'yansu. Nijeriya ta shiga wannan yarjejeniya ranar 27 ga Yuli 2009, kafin ma ta fara aiki, tana cikin sahun farko na ƙasashen Afirka. An sha tafi a waje. A gida kuwa Sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce babu yarjejeniyar da ke da ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Daga 2009 zuwa daren da aka ɗauke Dadiyata shekara goma ne cif. An rantsar da majalisu sun gama wa'adinsu, an rantsar da wasu, ba a zartar da dokar da ta kira ɓatar da mutum da sunansa ta mai da shi laifi mai zaman kansa ba.

Abin da yarjejeniyar ta ƙunsa ya yi daidai da raunin shari'ar Dadiyata kamar an auna. Ta bayyana laifin da cewa kama mutum ko sace shi ne da hannun jami'an gwamnati, ko da izininsu, ko da kawar da kansu, sannan a ƙi amsa cewa an kama shi ko a ɓoye makomarsa. Ke nan musun kansa yana cikin ginshiƙan laifin. Jami'in da ya rantse cewa mutum ba ya hannunsu alhali yana nan, ya zama abokin aikata laifi, ba mai kare martabar hukuma ba. Ta ce laifi ne mai ci gaba, don haka wa'adin shigar da ƙara ba ya fara tafiya sai ranar da aka bayyana makomar mutumin. Ta ce shugaban da ya sani ya yi shiru zai amsa tambaya, kuma cewa umarni aka ba ni ba hujja ba ce. Ta wajabta bincike ko da ba wanda ya kai ƙorafi, ta kuma hana waɗanda ake zargi samun damar juya akalar binciken. Ta haramta tsare mutum a ɓoye, ta wajabta rajistar duk wanda aka tsare, da sunansa da lokaci da wuri da hukumar da ta kama shi, kuma danginsa da lauyansa suna da haƙƙin ganin wannan bayani. Ko da a ce ba jami'an gwamnati ne suka ɗauki mutum ba, Sashe na 3 ya ɗora wa ƙasa nauyin bincike da gurfanarwa. Duk ta inda aka ɓullo, babu ƙofar da hukuma za ta fita tana cewa ba ruwanta.

A nan ne masu ganin sun ƙoshi da hikima kan ɗaga hannu su ce Nijeriya ba ta rasa dokoki ba, aiwatarwa ce matsala. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma ya dace a ba ta haƙƙinta. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta wajabta rubuta bayanan duk wanda aka kama, ta ce a sanar da danginsa ba tare da an karɓi ko kwabo ba, ta ce 'yan sanda su riƙa kai wa majistare rahoton waɗanda suka kama kowane wata, ta kuma ba majistare ikon ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata domin ya ga waɗanda ke tsare. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta wuraren tsarewa na sirri. Da ana bin waɗannan sau da ƙafa, da an rage ɓarna. Sai dai dukkansu magana suke a kan mutumin da aka yarda an kama. Wanda ba a rubuta sunansa ba tun farko, babu rahoton wata da zai fito da shi, babu majistaren da zai tambayi lafiyarsa. Su kuma dokokin garkuwa da mutane an tsara su ne da ɗan bindigan daji a zuciya, mai neman kuɗin fansa, ba jami'in da ke riƙe da hatimi da littafin rajista ba. Cewa dokoki sun wadata, a shari'ar da kowace doka ta zame ta gefenta, hanya ce ta neman hutu.

Kuma ba a ce majalisa ba ta iya sauri ba idan ta ga dama. A Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar ta'addanci da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga duk wanda ya biya kuɗin fansa. Wato uban da ya sayar da gonarsa domin ya karɓo 'yarsa an samo masa hukunci cikin hanzari. Jami'in da aka kai wa rahoton ɓatan mutum ya jefa takardar a aljihun tebur, shi ba a samo masa ko kwana ɗaya ba. Duk wanda ke son sanin wa doka ke tsoro, wa kuma take rainawa, ya ɗora waɗannan biyu a sikeli.

Dadiyata ya yi fice ne saboda yana da mabiya masu waya a hannu. A bayansa akwai dubbai da babu wanda ya taɓa buga hotonsu. A Satumba 2019, wata guda bayan ɗauke shi, Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa ya ce yana riƙe da sunayen mutane kusan 22,000 da suka ɓata a Nijeriya, adadi mafi yawa da yake da shi a kowace ƙasa a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓata. Zuwa 2022 adadin ya kai kimanin 25,000. Waɗannan su ne kawai waɗanda danginsu suka iya isa ga ma'aikatan kwamitin. A Borno matan ƙungiyar Knifar, mafi yawansu 'yan gudun hijira daga yankin Bama, sun shafe shekaru suna neman labarin mazajensu da sojoji suka tafi da su lokacin tantancewa. A Kaduna, wani babban jami'in gwamnatin jihar ya shaida wa kwamitin bincike a 2016 cewa an binne gawa 347 a kabari guda a yankin Mando bayan rikicin Zariya na Disamba 2015. Kowace gawa a cikin wannan rami tana da suna da uwa. Ƙasar da ke da dokar ɓatattu ta gaskiya ba ta binne mutum sai ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da samfurin ƙwayar halittarsa, domin ranar da dangi za su zo tambaya.

Sai kuma yaran Kano. A Oktoba 2019 aka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Onica ta Jihar Anambra, wasunsu sun shekara da shekaru a can. Iyayensu sun yi duk abin da Bahaushe ya saba yi: cigiya a masallaci, cigiya a rediyo, zuwa gidan mai unguwa da dagaci, zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa. Amma cigiyar da aka yi a Kano ba ta isa Anambra, kuma rahoton da aka rubuta a littafin wani ofishi a nan yake kwana. Wannan a ƙasar da ta ɗauki zanen yatsun miliyoyin mutane domin lambar banki ta BVN, ta kuma umarci kowa tun Disamba 2020 ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da hujjar cewa haka zai taimaka a kama masu satar mutane. Gwamnati ta san yadda za ta toshe layin talaka idan bai yi rajista ba. Rajista guda ta ɓatattu wadda doka ta kafa, wadda 'yan sanda da sojoji da DSS da gidajen yari da asibitoci da ɗakunan ajiye gawa za su zuba bayanai a cikinta dole, ita ce ta gagara. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta daɗe tana ƙoƙarin kafa irin wannan rumbu, kuma ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, amma rumbun da ba dokar da ta tilasta wa masu bindiga su cika shi zai ƙare ne a matsayin jerin sunayen masu kuka.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba domin ba ya jan hankalin 'yan siyasa, shi ne rayuwar iyali a tsakanin ɓata da shekara bakwai. Mutuwa tana da jana'iza da zaman makoki da rabon gado, kowa ya san matsayinsa. Matar ɓatacce ba ta da miji a gida, ba a kuma kira ta mai takaba. Asusun bankinsa a kulle yake gare ta, albashinsa yana hannun wurin aikinsa, kuɗin haya da na makaranta ba sa jira. Hanya ɗaya da doka ta bar mata ita ce ta yi haƙurin shekara bakwai, sannan ta tsaya gaban alƙali ta roƙi a ce mijinta ya mutu. Da bakinta za ta rufe fayil ɗin da waɗanda suka ɗauke shi ke fatan a rufe.

Wasu ƙasashe sun ga wannan zalunci sun gyara. Ajantina ta yi doka a 1994 da ta ba iyali damar samun takardar shaidar rashin mutum sakamakon ɓatarwa, ba tare da an ayyana shi matacce ba. Filifin ta yi cikakkiyar dokar hana ɓatarwa a 2012, ta farko a nahiyar Asiya. Meziko ta yi tata a 2017, ta kafa hukumar neman ɓatattu ta ƙasa. A Ingila, wata mai dafa abinci mai suna Claudia Lawrence ta ɓata a birnin York a Maris 2009, kuma har yau ba a gano ta ba. Mahaifinta, wanda lauya ne, ya yi ta fafutuka har majalisa ta zartar da doka a 2017 wadda ta ba dangi damar neman kotu ta naɗa su wakilai a kan dukiyar ɓatacce bayan kwana 90. Dokar ta fara aiki ranar 31 ga Yuli 2019, kwana biyu kafin a shiga gidan Barnawa. Babu mai cewa waɗannan dokoki sun kawo ƙarshen ɓata. A Meziko sunayen da ke cikin rajistar sun haura 100,000 tun 2022. Amma a can uwa tana da ofishin da za ta tsaya a ƙofarsa, da adadin da za ta jefa wa gwamnati a fuska, da jami'in da za ta kai ƙara. A nan ko adadin ma sai an aro daga Red Cross.

Su ma masu ambaton Dadiyata ba duka ne suka fita ba. Sunansa ya zama sandar dukan abokin hamayya: wanda ke adawa ya ɗaga ta, idan ya samu mulki ko ya sauya jam'iyya ya ajiye, wani ya ɗauka. Tun 2019 an yi babban zaɓe, kujeru sun sauya hannu, mutanen da suka yi ta tambayar ina Dadiyata wasunsu sun shiga majalisa, wasu sun shiga gidan gwamnati. Ma'aunin gaskiyar ɗan majalisar da ke wallafa hoton Dadiyata kowace 2 ga Agusta abu ne mai sauƙi: ina ƙudurin da ya gabatar, ya kai karatu na nawa, wa ya tsayar da shi. Jihohi ma ba su da mafaka, domin mafi yawan dokokin laifuka a hannunsu suke. Kaduna ta sake rubuta kundin laifukanta a 2017, kuma babu abin da zai hana majalisarta, ko ta Kano, ko ta Katsina inda ya koyar, ta ƙara sashen da ya haramta ɓatar da mutum ta kuma ba kotunanta ikon naɗa wakili a kan dukiyar ɓatacce.

Babban aikin dai na Abuja ne, tunda 'yan sanda da sojoji da DSS duk na tarayya ne. Ƙudurin ba ya bukatar sabuwar fasaha, an riga an rubuta ƙashin bayansa a yarjejeniyar da Nijeriya ta rungumi nauyinta tun 2009. Ya kira laifin da sunansa, ya haɗa da mai musun ƙarya da shugaban da ya kawar da kai. Ya ce da zarar an kai rahoto a buɗe fayil nan take, a ba dangi lambarsa da sunan jami'in da ke riƙe da shi, kuma jami'in ya riƙa bayyana gaban alƙali a kan lokaci yana faɗin abin da ya yi. Idan zargi ya shafi wata hukumar tsaro, binciken ya koma hannun wadda ba ita ba, alƙali kuma ya samu ikon shiga kowane wurin tsarewa ba tare da sanarwa ba. Kuma ya hana kotu amfani da Sashe na 164 a kan mutumin da shaidu suka ga an tafi da shi da bindiga, har sai hukuma ta ajiye a gabanta rahoton neman da ta yi. A shari'ar Abubakar Idris, wannan rahoto zai fara ne da tambayoyin da jami'i mai sabon kaki ma ya san su: ta wace hanya motar ta bi daga Barnawa, wane shingen bincike ta wuce a daren, kuma a ina wayarsa ta yi magana da turken sadarwa karo na ƙarshe.